A gwada ƙasar Bompai kafin a yanka ta fuloti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ara mana fili a jaridarka mu yi magana a kan wani abu da ke faruwa a Kano sannu a hankali, ba shela ba gangami. Mu da muka rubuto wannan wasiƙa sana'armu awon ƙasa da tsara unguwanni da gini.

Duk wanda ya zaga Bompai zai ga dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe da tsatsa ta cinye, a bayansu kamfanonin da injinansu suka yi shiru shekara da shekaru. Nan ce tsohuwar unguwar masana'antu ta Kano, kusa da layin dogon da ya nufi Nguru, kafin a zo a buɗe Sharaɗa da Challawa. An matse man gyaɗa a wurin, an yi alewa da biskit, sabulu da turare, robobi, kwanuka, takalma, an yi saƙa da rini, an jeme fata. A lokacin tana gefen gari. Yau gari ya haɗiye ta, Dakata da Kawaji da Tudun Wada da Gama duk sun kewaye ta. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ga rashin wuta, ga kayan waje masu araha, kamfanoni suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun koma sito. Wasu kuma masu su sun lura cewa filin ya fi injin daraja, idon dillalai na kansu.

Ba ma adawa da a mayar da matacciyar masana'anta gidaje. Fili ne a tsakiyar gari, ga kwalta, ga layin wuta, ga kasuwa kusa. Ya fi a ci gaba da cinye gonakin Ungogo da Kumbotso da Gezawa da awon igiya, inda mutum zai gina gida ya shekara goma yana jiran hanya. Abin da muke cewa shi ne, kada hukuma ta sa hannu a kan canjin amfanin ko da fili ɗaya, daga masana'anta zuwa gidajen kwana, sai an san abin da ke kwance a cikin ƙasarsa.

Kamfani yana rufewa, amma abin da ya zubar ba ya tashi ya bi ma'aikata gida. Kowace sana'a da irin abin da take bari. Inda aka jeme fata za a tarar da kuromiyam, wani sinadarin ƙarfe da ake jima da shi, musamman a ramin da ake zuba dagwalo da inda aka jibge guntayen fata. Irin da majema ke amfani da shi ba shi ne mafi muni ba, amma idan aka cinna wa sharar wuta, yakan rikiɗe ya koma nau'in da ke jawo ciwon daji. Inda aka haɗa batir ko aka fasa shi, ko aka yi fenti, ko aka narka ƙarfe, dalma ce. Inda aka wanke ƙarfe ko aka yi ɗab'i, akwai sinadaran wanki masu saurin tashi, waɗansu sun fi ruwa nauyi, su nutse ƙasa su kwanta a ƙarƙashin ruwan rijiya, tururinsu kuma ya riƙa tasowa ta tsagar daɓe ya taru a ɗaki. Ko kamfanin alewa, da za a ce ai sukari kawai ya taɓa, yana da ɗakin janareta, da tankin man gas ko baƙin mai da aka binne, da taransifoma. Tankin ƙarfe da ya yi shekara talatin a ƙasa, da wuya a tono shi ba a tarar ya yi yoyo ba.

Matakin farko ba ya cin kuɗi sosai, shi ne kuma aka fi tsallakewa. A nemi tarihin filin. A ɗauko fayil ɗinsa a ma'aikatar ƙasa, a duba tsofaffin zanen gini, sannan a nemo tsohon maigadi ko fomanin da ya yi aiki a wurin, a zaga da shi. Shi zai nuna maka inda ake juye ragowar sinadari da daddare, abin da ba za ka taɓa gani a takarda ba. A sa wa kowane wuri alama a taswira: tanki, ɗakin janareta, gindin taransifoma, ma'ajiyar sinadarai, ramin shara, da duk hanyar da lambatu ya bi har ya fita daga katanga.

Daga nan sai ɗibar samfuri. A shimfiɗa layuka a kan filin, mita 25 tsakani, a tsaye da a kwance. Wannan zai ba da rami 16 a kowace hekta. Inda taswirar tarihi ta nuna alama, a matso zuwa mita 10 ko ƙasa da haka, domin gurɓatar ba ta bazu daidai wa daida ba: za ka iya samun ƙasa mai kyau a nan, taku biyar gaba kuma guba. A kowane rami a ɗebi ƙasar sama, wato santimita 15 na farko, domin ita yara ke wasa a kai, ita iska ke ɗauka. A sake ɗiba a rabin mita, a mita ɗaya, a mita biyu, a ci gaba har a wuce ciko a taɓa ƙasar asali. A wanke shebur da sauran kayan haƙa tsakanin rami da rami. Samfurin da za a nemi mai ko sinadari mai tashi a cikinsa, kwalbar gilashi ake cikawa fal har baki, a toshe, a sa cikin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya zuba shi a leda ya bar shi a but ɗin mota cikin zafin Afrilu, sakamako zai fito fes, don abin da ake nema ya riga ya bi iska. Akwai na'urar hannu da ake ɗora wa ƙasa ta nuna yawan dalma da sauran ƙarafa nan take. Tana da amfani wajen gano inda za a matsa bincike, amma ba ta maye gurbin ɗakin gwaji. Kuma a cikin kowane samfuri goma a raba ɗaya gida biyu a aika wani ɗakin gwajin daban, ba tare da an gaya wa kowa ba. Idan amsoshin suka yi hannun riga, a sake gwajin baki ɗaya.

Wa zai ɗauki mai gwajin? Wannan tambayar ta fi ta na'ura muhimmanci. Idan mai filin ne ya zaɓo shi ya kuma biya shi hannu da hannu, kowa ya san irin rahoton da zai fito. Mai filin ya biya kuɗin, amma hukuma ce za ta zaɓi mai gwajin daga jerin waɗanda ta tantance, rahoton kuma ya je wurinta kai tsaye.

Da me za a auna sakamakon? Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana amfani da miligiram 400 na dalma a kowane kilo na ƙasa a matsayin iyaka a wurin wasan yara, a 2024 ta sauko da ma'aunin da take fara bincike a kansa zuwa 200. A ruwan sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a miligiram 0.01 a lita, kuromiyam kuma 0.05. Hukumar ta kuma ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba shi da illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai tsotsa daga abin da ya haɗiya. Mu a Arewa ba sai an ba mu labarin dalma ba. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, sanadiyyar niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Tushen gubar daban ne da na Bompai, kuma ba muna cewa ƙasar Bompai ta kai wancan muni ba. Amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce: ƙurar tsakar gida, hannun yaro mai rarrafe, baki. Kuma dalma kaɗan ba ta kisa a gani. Tana rage kaifin ƙwaƙwalwa ne, yaro ya taso ba ya gane karatu, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne.

Ruwan ƙasa yana buƙatar nasa binciken. Kano a kan dutse take zaune, ruwan rijiyoyinmu yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama, don haka abin da ya zuba a ƙasa ba ya shan wahalar isa gare shi. A haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji aƙalla uku a kusurwoyi daban-daban, domin sai da uku ake gane inda ruwan ke gangarawa. A ɗebi ruwa sau biyu, a ƙarshen damina wajen Satumba lokacin da ruwa ya taso, da kuma ƙarshen rani wajen Afrilu ko Mayu. Gwaji ɗaya a lokaci ɗaya yana yaudara.

Idan an sami guba, me za a yi? Ya danganta da irinta. Ƙasar da man gas ya jiƙa ana iya warkar da ita a wurin. A tono ta, a shimfiɗa a kan leda mai kauri, tudunta kada ya wuce santimita 30, a cakuɗa da takin dabbobi, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa duk mako ko mako biyu. Ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa za su cinye man cikin watanni, zafin Kano ma taimako yake yi. A sake gwadawa kafin a mayar. Baƙin mai ya fi taurin kai. Dalma da kuromiyam kuwa ba sa ruɓewa ko za a shekara ɗari, sai dai a kwashe ko a rufe.

A Ingila sukan rufe: a shimfiɗa ƙyallen alama, a zuba ƙasa mai tsabta kamar santimita 60 a kai inda za a yi lambu. A nan muke roƙon injiniyoyinmu kada su kwafo wannan ido rufe. Rufi yana aiki ne inda ba mai sake haƙa. Mu kuwa wane magidanci ne zai sayi fuloti bai haƙa rijiya ba, bai haƙa shadda ba, bai dasa darbejiya ba, bayan shekara biyar bai tona harsashin ƙarin ɗaki ba? Ƙasar da ya tono kuma a tsakar gida zai baza ta. Saboda haka inda za a yanka fuloti a sayar wa kowa ya gina nasa, kwashewa ce kaɗai mafita. Rufi ya dace ne kawai da rukunin benaye masu hukuma guda da ke kula da harabar, ko ƙarƙashin kwalta da wurin ajiye motoci.

Ga lissafin kwashewa, don kowa ya san nauyin abin. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Idan kashi ɗaya cikin uku ne ya gurɓata, aka kwashe zurfin santimita 60, an sami kusan kubik mita 2,000. Tifa mai ɗaukar kubik 10 za ta yi sawu 200 fita, ta yi wani 200 shigo da ƙasa mai kyau. Wannan kuɗin daga farashin filin ya kamata ya fita, wato mai sayarwa ne zai rage, tunda kamfaninsa ne ya ci ribar ɓarnar. A Zamfara ma da hannu aka kankare ƙasar saman gidaje aka binne ta a ramuka na musamman, aka kawo sabuwa.

Sai babbar tambaya: ina tifofin za su? A garin nan ƙasar ciko kuɗi ce. Direba zai fita da ita daga Bompai, kafin ya kai inda aka aike shi wani ya tare shi ya saya don cike kududdufi, shekara mai zuwa a yanka kududdufin a gina gidaje. An kwashe guba daga unguwar masu hali an kai ta unguwar talaka. Dole gwamnati ta keɓe rami guda, nesa da rafi da rijiyoyi, a daɓe gindinsa da yumɓu da leda, kowace tifa ta fita da takarda mai lamba, a buga mata hatimi a bakin ramin, ba a biyan direba sai ya dawo da ita.

Rushe ginin kansa yana da haɗarin da ya fi na ƙasar saurin kama mutum. Yawancin rumfunan kamfanonin wancan zamani da asbesto aka rufe su, wato fallayen rufi na siminti masu zaruruwa a ciki, silin ɗin ma haka, wani lokaci har da abin da aka naɗe bututun tukunyar tururi. Muddin yana zaune lafiya ba ya cutarwa sosai. Da an fasa shi sai ya saki zaruruwan da ido ba ya gani, su maƙale a huhu, ciwon ya bayyana bayan shekara 20 zuwa 40, lokacin da ba wanda zai tuna da ranar rusau. Kada katafila ta taɓa gini sai an sauke rufin. A jiƙa shi da ruwa mai ɗan sabulu, a hankali, ba da feshi mai ƙarfi ba. A kwance ƙusoshin, a sauko da kowane falle ɗungurungum, kada a jefo shi, kada a sa masa zarto ko giranda. A naɗe shi ninki biyu a leda mai kauri, a binne. Ma'aikata su sa takunkumi mai matata irin P3, ba ƙyallen da aka saba sawa lokacin korona ba, kuma kada su tafi gida da kayan aikin a jikinsu matansu su wanke. Kada a sayar wa kowa don rufe akurkin kaji ko rumfar shago. Mun san leburori da 'yan gwangwan ne ke fara shiga irin waɗannan wurare, da silifa da guduma, su ne kuma ba wanda ke tambayar lafiyarsu.

Tankin mai da aka binne, a zuƙe shi, a wanke, a bar shi ya sha iska, a auna tururin kafin kowa ya kusance shi da wuta. Tankin da ake ganin ba komai a ciki shi ke fashewa da mai walda. Bayan an ciro shi a ɗebi samfuri a gindin ramin da bangonsa huɗu. Tsohuwar taransifoma kuma a gwada manta, domin waɗanda aka ƙera kafin shekarun 1980 sukan ƙunshi wani sinadari mai guba da ake kira PCB, wanda yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa a jerin abubuwan da duniya za ta kawar. Kada man ya fita kasuwa. Kankaren da ba mai ko sinadari a jikinsa kuwa dukiya ne, a farfasa shi a yi cikon hanya.

Ko ƙasar ta fita tsaf, maginin da ya saba da gona zai sha mamaki a nan. Ƙarƙashin masana'anta cike yake da ciko, da tsofaffin ramuka, da dirka-dirkan kankaren da aka ɗaure injina a kai. Idan rabin gida ya hau kan irin wannan kankare, rabi ya hau kan ramin da aka cike da shara, ɓangare ɗaya zai lotsa ɗaya ya tsaya. Bayan damina biyu sai tsaga ta taso daga kusurwar taga ta nufi sama a karkace, a yi ta liƙe ta da siminti tana dawowa. Maganin shi ne ramin gwaji a inda kowane gini zai zauna, zurfin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a fasa tsohon kankare a cire, a mayar da ciko hawa-hawa, santimita 15 zuwa 20 kowane hawa, ana jiƙawa ana bi da rola. Inda cikon ya yi zurfi a zuba harsashin bai-ɗaya mai rodi. A gwada ƙasar ko tana da gishirin salfet, don yana cin kankare. Bututun ruwa na roba kuma kada ya ratsa ƙasar da mai ya taɓa, domin mai yana ratsa jikin roba ya shiga ruwan ko ba tsaga.

Yanzu ruwan sha da bayan gida. Ɗauki gida 100, mutum bakwai a kowanne, kowa lita 60 a rana. Lita 42,000 ke nan kullum, kuma kusan kashi huɗu cikin biyar zai dawo a matsayin ƙazamin ruwa. Abin da aka saba shi ne kowa ya haƙa burtsatsensa da sokawensa. Ƙa'idar da masu aikin ruwa ke bi ita ce a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da ramin bayan gida. Fuloti mai ƙafa 50 da 50 kuwa mita 15 ne kowane gefe. Ta ina mita 30 za ta fito? Ko ka nisanta naka, na maƙwabcinka yana jikin katangarka. Ƙari a kan haka, burtsatse ɗari suna zuƙa a wuri guda za su janyo gurɓataccen ruwan da ke kwance a filin maƙwabta. A irin wannan unguwa ruwa ya zo daga bututun hukumar ruwa, ko daga burtsatse ɗaya ko biyu da aka gwada, a ɓangaren da ruwan ƙasa ke fitowa ba inda yake gangarawa ba, da babban tanki a sama, a rubuta a takardar kowane gida cewa an hana haƙa rijiya. Bayan gida ma a haɗa shi wuri guda da za a iya kwashewa da mota.

Ruwan sama na milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, lita 500,000 ne a kan hekta ɗaya, kuma inda aka rufe da kwano da siminti kusan duka zai gangara. Tsofaffin magudanan Bompai rafin Getsi suke zuba wa, shi kuma ya haɗu da Jakara su nufi madatsar Wasai, a hanya masu lambu na ban ruwa da shi, latas da kabejin su dawo kasuwanninmu. A yashe dagwalon da ya kwanta a waɗannan magudanai a kai shi ramin da muka ambata kafin a jona sababbi, in ba haka ba ruwan farko zai wanke shi ya kai wa manoma.

Wuta ba ta da wahalar lissafi. Taransifoma mai 500 kVA (ma'aunin ƙarfin wutar da take iya ɗauka), idan ba a ɗora mata fiye da kashi 80 cikin ɗari ba, aka ƙiyasta wa kowane gida 2.5 kVA, za ta ɗauki gida 160. A bar filin da doka ta tanada a ƙarƙashin manyan wayoyi, mita 11 ga layin 11 da 33 kV, mita 30 ga na 132.

Abin da ya fi damunmu a matsayin masu tsara gari shi ne yin abin fili-fili. Filin kamfani babba ne, ƙofarsa ɗaya. Idan kowane mai kuɗi ya sayi nasa ya zuba gidaje ya bar katangar da ƙofar yadda suke, za a wayi gari da tsibirai ashirin, ba titin da ya ratsa daga wannan zuwa wancan, kowa sai ya fito babban titi kafin ya je gidan da ke bayan katangarsa. Titin Haɗeja da ya riga ya cika shi zai ɗauki duka. Kuma ba wanda zai bar filin makaranta, don kowa zai ce nasa ƙarami ne. Alhali gida 500, ko yara biyu kacal kowane gida ya tura firamare, yara 1,000 ne, aji 25 ke nan in an zuba 40 a kowanne. Ina asibitin sha-ka-tafi, ina masallacin Juma'a, ina filin ƙwallo, ina maƙabarta? Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, ta zana taswirar yankin gaba ɗaya tun yanzu, ta ja titunan da za su ratsa katangu, na cikin unguwa mita 12, mafi ƙanƙanta 9 don motar kashe gobara ta shiga ta juya, ta kuma ƙayyade kason da kowane mai fili zai bayar. A lissafinmu kusan kashi ɗaya cikin uku na kowace hekta zai tafi a tituna da wuraren jama'a. Abin da ya rage zai ba da fuloti 14 masu ƙafa 50 da 100. A filin tsakiyar gari wannan asara ce. Benaye masu hawa uku ko huɗu za su zaunar da iyalai ninki huɗu ko fiye a wuri guda, kuma da su ne kuɗin gyaran ƙasar zai rabu a kan mutane da yawa har ma'aikaci ya iya saye. Sai dai a zana su da sanin yadda muke zama: zaure ko falon baƙi da ƙofarsa daban, wurin girki da shanya da mata za su sake ba idon waje.

Kada kuma a manta Bompai ba ta mutu duka ba. Akwai kamfanonin da ke aiki, akwai masu walda, kafintoci, makanikai, masu buga ruwan leda, gidajen burodi, da dubban da ke cin abinci a jikinsu. Abin da ke faruwa a ko'ina shi ne, gidaje su shigo, bayan shekara biyu sababbin mazauna su kai ƙarar janareta da tirela da wari, a ƙarshe wanda aka tarar shi ake kora. Ingila ta sa ƙa'ida a tsarin gine-ginenta a 2018 cewa wanda ya zo daga baya shi ke da alhakin kare kansa daga ƙarar wanda ya tarar. Mu ɗauki wannan. Mai gina gidaje shi zai ja baya, ya yi katanga mai kauri, ya dasa itatuwa, ya juya ɗakunan kwana su ba kamfani baya. A bar zirin da ke bakin layin dogo da manyan tituna ga ƙananan sana'o'i, a ware wa manyan motoci hanyarsu. Majema da masu narka ƙarfe ba sa zama kusa da gida ko ta yaya, amma a gina musu inda za su koma kafin a tashe su, ba bayan an tashe su ba.

A ɓangaren doka akwai ɓaraka da ya kamata Majalisar Dokokin jiha ta sani. Dokar tantance tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta wajabta cikakken bincike ga aikin gidaje da ya kai hekta 50 ko fiye. Filin kamfani ɗaya a Bompai bai kusa da haka ba, don haka ɗaya bayan ɗaya duk za su wuce ta ƙarƙashin wannan ma'auni. Amma jiha ba ta rasa makami ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, takardar mallaka tana faɗin abin da aka ba da filin a yi, kuma sashe na 22 ya ce ba a sayarwa ko jinginarwa sai da amincewarsa. Ya isa a ce ba canjin amfani sai da rahoton ƙasa da ruwa, a kuma liƙa rahoton a fayil ɗin filin a KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta jiha, yadda duk mai saye zai iya gani. A Love Canal ta jihar New York a Amurka, wani kamfani ya binne kimanin tan 21,000 na sharar sinadarai, ya sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala ɗaya a 1953, har da gargaɗi a cikin takardar cinikin. Aka gina makaranta, gidaje suka kewaye ta, iyalan da suka tare ba su san da gargaɗin ba. A 1978 aka fara kwashe su.

Ga mai niyyar saye kuma, kafin ka ba dillali ko sisi, ka tambayi sunan kamfanin da ya zauna a filin da abin da yake ƙerawa, ka tabbatar a bakin mai unguwa ko tsofaffin wurin. Ka nemi ganin takardar canjin amfani da taswirar da KNUPDA ta amince da ita, ka je ofishin da ƙafarka ka duba lambar, don rusau ɗin da gwamnatin Kano ta yi a 2023 ya nuna wa kowa cewa gini a kan filin da ake jayayya da asalinsa ba shi da tabbas. Ka nemi rahoton gwajin ƙasa, ka duba rami nawa aka haƙa da zurfinsu, da ko akwai na kusa da fulotinka. Idan ka riga ka tare, ka kai ruwan rijiyarka a gwada dalma da kuromiyam, ka daɓe tsakar gida, a riƙa goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara a bushe, kada a shuka ganyen miya a ƙasar wurin sai a cikin buhu ko bokiti da ƙasar da aka kawo daga waje, yara 'yan ƙasa da shekara shida kuma a nemi asibiti ta auna musu dalma a jini.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin awon ƙasa, tsara birni da gini,
Kano.